Ramin da ke Gindin Aduwa

Tun ranar da aka kawo labarin rasuwar ƙanenta Bawa, Hajiya Kulsumu ba ta sake taka ƙofar gida ba. Daga ɗaki sai bakin randa don alwala, daga nan ta koma kan tabarmarta ta jingina da bango, carbi a hannu, idonta a kan katanga. 'Yan bindiga ne suka iske Bawa a gonarsa ta Badarawa yana ɗaurin gero, a tsakiyar kaka. Kwanaki kaɗan kafin haka ya aiko mata da dami ɗaya a bayan babur, kamar yadda ya saba kowace shekara, don ta ɗanɗana sabon geron gida. Damin yana nan a jingine a ɗakin ajiya, ta hana kowa taɓa shi.

A ranar da labarin ya zo, ta ɗauki mayafinta za ta tafi ta'aziyya. Mijinta, Malam Na'ibi, ya tsaya a zaure ya ce ba za ta bi hanyar Shinkafi ba a irin wannan lokaci, ko da kuwa za ta yi fushi da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ba ta yi masa gardama ba. Ta ninke mayafin ta mayar cikin akwati, kuma bai sake ganin ta ɗauko shi ba.

Malam Na'ibi bai taɓa shakkar cewa hanawar daidai ce ba, domin a makon nan an tare motoci a hanyar. Amma ya kai shekarun da mutum yake sanin cewa abu yakan zama daidai kuma ya bar miki. Shi ne ya ɗauko ta daga Badarawa tana amarya, ya kai ta Kaduna da Jos inda aikin gwamnati ya yi ta juya shi, yana yi mata alkawarin cewa in ya ajiye aiki za su koma kusa da danginta. Ya cika alkawarin, ya gina gida a bakin garin Ƙauran Namoda. Sai ga shi kusancin bai amfane ta da komai ba a ranar da ta fi bukatarsa, kuma daga bakinsa hanin ya fito.

Da sanyi ya wuce zafi ya shigo, ƙafafunta suka fara kumbura. 'Yarsu Samira, wadda ke aure a Gusau, ta turo likita har gida. Ya auna ta, ya ba da magani, sannan ya ja Malam Na'ibi zaure ya gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa magani kaɗai ba zai yi ba. Dole ta riƙa tafiya kullum jini ya motsa, in ba haka ba zaman nan zai kwantar da ita, kwanciyar da ba lalle ta tashi ba. Malam Na'ibi ya isar mata da saƙon da duk taushin da ya iya.

"Tahiya ba wurin zuwa?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba. Shekarun birni ba su taɓa harshenta na Badarawa ba. "Wanga ai aikin taɓaɓɓu na, Malam. Ku bar ni in huta."

Shi kuwa yana da tasa tafiyar da mutanen unguwa ke yi wa kallon ta taɓaɓɓu. A zamansa na birni ya koyi wasan golf, wanda ake bugun 'yar ƙaramar farar ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe har a jefa ta rami, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gwani. Ya dawo da jakar sandunansa ya jingine a zaure. Da shirun gidan ya fi ƙarfinsa, sai ya fita gonarsu da ke bayan katanga, wadda shanu suka tattake kunyoyinta bayan girbi. Ya haƙa ramuka uku, ya binne gwangwanin madara a kowanne, ya baza yashi a kewaye ya daddaɓe, ya kafa kara mai tsumma a matsayin tuta. Rami na farko yana kusa da ƙofar baya. Na biyu yana tsakiyar gona, wajen wani tsohon suri. Na uku yana can ƙarshe, a gindin aduwa, a kan ɗan tudun da ake hango hanyar Shinkafi daga kansa.

Fili ne fetal, babu abin da zai tare iska sai aduwar nan, ita kuwa iskar bazara ba ta da alƙibla ɗaya. Yau ta taso daga kudu, gobe daga gabas, wani lokaci ta canza shawara mutum na tsaye.

Wata la'asar, hankalinsa na can kan maganar likita, ya maka wa ƙwallon sanda da ƙarfin da bai yi niyya ba. Ta tashi sama, ta tsaya kamar mai tunani, sai iska ta karkata da ita ta tsallake katanga. Ya ji ƙarar ƙarfe daga tsakar gida. Ya shiga yana salati, ya iske ƙwallon a cikin tasar wanke-wanke, Hajiya Kulsumu na kallonta.

"Malam, yaƙi anka soma?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Iska ce."

"Iska ba ta da laihi. Wa yac ce ka ɗaga mata abu sama? Ko ɗiyar da ba ta isa aure ba ta san in iska ta yi ƙarhi ba a ɗaga ƙwarya."

Ya tsaya da ƙwallon a hannu. Rabon da ya ji ta jera magana mai tsawon wannan tun kafin rasuwar Bawa, kuma a ƙarshen maganar akwai ɗan abin nan da ya sani tun suna yara, wutsiyar tsokana. Malam Na'ibi ya san abin da take nufi sarai. Babu abin da ya fi ƙwarewa a kai a wasan nan kamar bugu cikin iska. Amma sai ya ji bakinsa yana cewa, "Wace ƙwarya kuma? Me ya haɗa ƙwarya da ƙwallo?"

"Shiƙa nika nuhi. Kai dai ɗan malamai na, ba ka san komi ba sai tuwo ya zo gabanka."

Washegari ya bar ƙofar baya a buɗe da gangan. Ya tsaya inda za ta iya hango shi, ya tsinki busasshiyar ciyawa ya watsa sama kamar yadda 'yan wasa ke yi don sanin inda iska ta dosa, sannan ya zaɓi sandar da ta fi ɗaga ƙwallo ya buga da dukan ƙarfinsa. Iska ta yi awon gaba da ita. Ya bi ta ya ɗauko, ya sake, ta sake tafiya. A karo na uku ya ji muryarta daga bakin ƙofa, ta dafa bango.

"Ciyawa kaka tambaya? Ciyawa nauyi gare ta, ba ta gaya maka gaskiya. Ƙaiƙayi aka tambaya."

"To ina zan samu ƙaiƙayi, 'yar Badarawa?"

Ta aika gidan maƙwabta aka kawo mata cikin 'yar ƙwarya. Da farko daga bakin ƙofa take ɗiban ƙaiƙayin ta saki. Ya ce daga nan ba ya gani, katanga tana tare iskar. Ta yi tsaki, ta yafa zane a kanta, ta tako har inda yake. Ya kawar da kai don kada ta ga fuskarsa.

Haka karatun ya fara. Ta nuna masa cewa mai shiƙa tana ɗaga ƙwarya har kai ne kawai in iska ta yi laushi. In ta yi ƙarfi, sai a sauke ƙwarya zuwa ƙugu, in ta ƙara, a sauke har gwiwa, don kada hatsi ya bi ƙaiƙayi. Ba a zuba da fushi, a hankali ake karkata bakin ƙwarya. Ba a tsayawa iska a fuska sai mai son ƙaiƙayi a ido, gefe ake ba ta, a zuba daga ɓangaren da take fitowa don ta ajiye hatsin inda ake so. Kuma iska tana numfashi kamar mutum. Mai haƙuri yakan jira ta ja numfashin. Malam Na'ibi ya saurara yana gyaɗa kai kamar ɗalibin da ya zo da allo sabo. Sannan ya riƙa mayar da maganarta cikin wasansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye sanda mai lamba takwas ya ɗauki mai lamba biyar, wadda ba ta ɗaga ƙwallo sosai. Ya sauke riƙonsa ƙasa da inda ya saba. Ya matsar da ƙwallon kusa da ƙafarsa ta dama, ya buga a sanyaye, ya tsayar da sandar kafin ta kai kafaɗa. In iska ta zo ta gefe, ya nufi ɓangaren da take fitowa ya bar ta ta dawo masa da ƙwallon.

Sai dai bai yarda ya koya da sauri ba. In ya yi bugu ɗaya mai kyau, sai ya ɓata biyu. In ta ce ya gane, gobe ya nuna ya manta. Takan bi shi tana faɗa. "Kai Malam, kanka ya hi na jaki tauri! Na ce ka sassauta hannu. Dukan ɓarawo kaka yi?" Daga rami na farko ta fara binsa zuwa na biyu, tana hutawa a jikin suri. Kumburin ƙafafun ya fara sacewa. Ta fara cinye tuwonta. Wata rana da safe ya ji tana yi wa kaji faɗa.

Rami na uku ne kaɗai ba ta zuwa. In sun gama na biyu, sai ta juya wa aduwa baya ta ce rana ta yi, ta kama hanyar gida. Bai taɓa tambayarta ba. Shi ma ya daina zuwa can, har tsumman tutar ya yage.

Abin da ya kamata ya zama farin ciki tsantsa sai ya zo masa da ƙaya a ciki. Malam Na'ibi ɗan gidan malamai ne, sunan kakansa na'ibin liman aka sa masa, kuma abin da ya fara ja shi ga wasan golf shi ne cewa wasa ne da mutum yake shaidar kansa. Babu alƙali a bayanka cikin ciyawa. Kai ne za ka faɗi bugu nawa ka yi. Duk shekarunsa bai taɓa ɓoye bugu ɗaya ba. Yanzu ga shi yana ƙara wa kansa bugu da gangan, a gaban matar da ta yarda da shi. Ya san malamai sun yi rangwame a kan maganar da miji zai faɗa don gyara zuciyar iyalinsa. Ya maimaita wa kansa wannan a hanyar masallaci. Amma duk lokacin da ta tafa hannu ta ce, "Ka gani? Da ka bi maganata!" sai ya ji kamar ya ba ta kyautar abin da ba nasa ba. Ga kuma wata damuwar: hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma yana watsewa. Da zarar ruwa ya sauka za a shuka gonar, ramukan su tafi, dalilin fitarta ya tafi tare da su.

Ana cikin haka Alhaji Muttaka ya zo daga Zurmi ɗaurin auren wani ɗan'uwansa, ya biyo ya gaida su. Tare suka yi aiki da Malam Na'ibi a Jos, tare suke wasa, kuma mutum ne da ba ya shiga gida ya bar shi shiru. Ya leƙa ta katanga ya ga tutocin kara, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Na'ibi, Allah ya shirye ka! Gwangwanin madara? Mutumin da ya buga a filayen manya?"

Ya shiga tsakar gida ya gaida Hajiya Kulsumu, ya yi mata ta'aziyyar Bawa, suka yi addu'a. Da ta kawo musu fura, ya ce ya ga jikinta da kyau. Ta ce ai aiki ta samu.

"Ɗalibi gare ni, Alhaji. Abokinka nika koya ma yadda aka yi da iska. Da ƙwallonai har cikin tasata take hwaɗawa."

Malam Na'ibi ya yi gyaran murya, ya tura wa baƙon ludayi. Alhaji Muttaka bai lura ba.

"Wa? Wannan? Hajiya, ai wannan da kike gani Maciji muke ce masa a Jos. Ƙwallonsa ba ta tashi sama, bin ƙasa take. Ranar da iska ta hana kowa sakat, ranar ce sallarsa. Shi ya koya mana duka mu sauke hannu mu rage ƙarfi. Ni kaina sai da ya yi damina biyu yana fama da ni!"

Ya yi dariya shi kaɗai. Hajiya Kulsumu ta dubi mijinta. Bai iya ɗago ido daga ƙwaryar fura ba.

"Ashe," in ji ta. Ta ce wa baƙon ya gaida mutanen Zurmi, ta shiga ɗaki.

Da la'asar ta yi, ya buɗe ƙofar baya ya jira. Ba ta fito ba. Washegari ma haka. Ya fita shi kaɗai, ya ajiye ƙwallo a ƙasa, ya tsaya a kanta har inuwarsa ta yi tsawo, ya ɗauke ta ya koma. A rana ta uku ya je bakin ɗakinta ya durƙusa a kan dokin ƙofa, abin da gwiwoyinsa ba su saba ba.

"Hajiya, abin da Muttaka ya faɗa gaskiya ne. Ba zan ce miki ba haka ba ne."

Carbin na tafiya a hannunta.

"Ka maishe ni ƙaramar yarinya, ana lallashina da alewa," in ji ta daga baya. Ba ta ɗaga murya ba. "Ni ina ta murna, na ce ashe har yanzu da abin da nika iya ba wani. Ashe kai kaka ba ni sadaka."

"Ba sadaka ba ce. Tsoro ne. Likita ya ce in ba ki tashi ba za ki kwanta, ni kuwa na rasa ƙofar da zan bi in same ki."

"Ƙohwar da kar ruhe da hannunka, ita kaka nema?"

Ya san ba ƙofar baya take nufi ba. Yana da hujjoji, kuma dukansu ingantattu ne, amma ya ga babu wadda za ta yi amfani a bakin wannan ɗaki.

"Ni na rufe ta," ya ce. "Kuma in yau ne, zan sake rufewa. Amma ban taɓa kwana ban ji nauyinta ba."

Ya dafa bango ya miƙe.

Kwana biyu bayan haka, yana zaure da hantsi, ya ji ƙarar da ya daɗe bai ji ba a gidansa, taɓarya a cikin turmi. Ya leƙa. Ta kwance damin Bawa a kan tabarma, tana karya zangarniya tana zubawa a turmi, tana sussuka a hankali, tana tsayawa ta huta ta ci gaba. Ya yi niyyar cewa a kira yaran maƙwabta su taya ta, sai ya ga fuskarta, ya koma zaure ya zauna. Har azahar yana jin taɓaryar.

Da la'asar iska ta taso daga kudu da ƙarfin da ba ta yi ba duk bazarar, mai ɗauke da ƙanshin ruwan da ya sauka a wani wuri mai nisa. Hajiya Kulsumu ta fito da babbar ƙwarya a kai, wata a hannu. Mayafin akwati ne a jikinta, har da layin ninkinsa.

"Ɗauko sandunanka, Maciji," in ji ta. "Yau ka buga na gaskiya in gani. Har ramin can na aduwa."

"Hajiya, geron nan…"

"Ɓeraye sun soma shi. Bawa bai aiko shi don ɓeraye ba. Kuma ƙahwahuna sun saba, kwanakin ga ciwo suka yi mini. Kada ka ɗauka na huce. Haushinka na yat tashe ni."

"Allah ya ƙara haushin," ya ce, kafin ya iya tsayar da bakinsa. Ta harare shi, amma gefen bakinta ya motsa.

A rami na farko ya ɗauki mai lamba biyar, ya sauke riƙo, ya buga kamar ba ya so. Ƙwallon ta fita ƙasa-ƙasa, ba ta wuce tsayin mutum ba, ta huda iskar, ta sauka ta gangara har bakin yashi. Hajiya Kulsumu ta bi ta da ido har ta tsaya.

"Lalle maciji," in ji ta. "Kuma duk kwanakin ga kana da wanga a hannu kab bar ni ina ta ɓarin baki."

"Bakin nake so in ji."

"Wuce mu tahi."

A rami na biyu ma bai ba ta kunya ba. Da suka kai suri, ya rage tafiya don ta huta kamar kullum. Ba ta tsaya ba. Ta gyara ƙwaryar a kanta ta doshi aduwa, iska na kaɗa mayafin ta gefe. Ya ajiye ƙwallo don bugun rami na uku, amma idonsa na kan bayanta, a kan yadda take taka ƙasa a hankali, ƙafa ɗaya na ɗan ja. Zuciyarsa ta cika, hannunsa ya yi tauri. Ya manta duk abin da ya koya wa mutane a Jos, ya maka wa ƙwallon sanda da ƙarfi. Ta tashi sama kamar tsuntsuwa, iska ta karɓe ta ta kai ta can cikin kututturan dawa na gonar maƙwabci.

Hajiya Kulsumu ta tsaya ta juyo gaba ɗaya, ƙwarya a kai.

"Wallahi na gaskiya ne," in ji Malam Na'ibi. "Wallahi, Hajiya."

Sai ta yi dariya, dariyar da ta sa ta dafe ƙwaryar da ke kanta.

"Na sani. Na ƙarya kana yin shi kana satar kallona. Wanga kuwa har zuhwa tat tsattsaho maka. Je ka ɗauko abinka."

Ya sha wuya kafin ya fito da ƙwallon daga cikin kututture, bugu biyu masu laushi, har ta kai bakin yashi. Da ya iso gindin aduwa ya iske ta ta sauke ƙwaryar, tana tsaye tana kallon hanyar Shinkafi. Wata motar itace na tafiya a kanta, da babura biyu a baya. Leɓɓanta na motsi. Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. Ya tsaya a gefenta, ya ɗaga hannu, ya yi wa Bawa addu'ar da ya kamata su yi tare a Badarawa. Ta amsa da amin a kowace gaɓa. Da suka shafa, ta share fuska da bakin mayafi.

"Shi ka bina gona yana ƙarami," in ji ta. "In ina shiƙa sai ya tsaya inda ƙaiƙayi ka zuwa, da gangan, don in bar aiki in wanke mai jiki."

Ta ajiye ƙwaryar da babu komai a ƙasa. Ta ɗauki mai geron, ta ba iska gefe, ta ɗaga zuwa ƙugu, ta ɗan jira, ta sauke har gwiwa. Sannan ta karkata bakin ƙwaryar. Geron ya zuba da sautin yayyafi a kan kwano, ƙaiƙayin ya tashi ya yi arewa, ya tsallake iyakar gonar. Ta maimaita har hatsin ya fita tas. Ba shi da yawa, bai cika rabin ƙwarya ba.

"Wanga ba na ci ba na," ta ce. "Iri na. Gonag ga za a shuka da shi, in ya so a cika da wani. Ka san abin da wanga ka nuhi ga gwangwanayenka."

"To ni ina zan riƙa bugawa?"

"Ka jira kaka kamar kowa. In tahiya kaka so, gona tana son mai zagaya ta sahe da marece. Ni dai zan riƙa zuwa in ga abin ƙanena. In kana so ka biyo ni, ka riƙe mini ƙwarya."

Ya dubi gonar tun daga aduwa har katangar gida. Tafiya ce mai ɗan tsawo, kuma ta yi ta yau da kaya a kai.

"Zan riƙe," ya ce.

Ta nuna ƙwallon da haɓa. "Gama abinka tukuna. Ramin nika so."

Ya ɗauki sandar gangarawa, ya auna, ya tura. Iska ta riƙe ƙwallon ta tsaya a leɓen gwangwani. Ya ce bugu ne, ya ƙirga shi da babbar murya, ya sake turawa ta faɗa. Sannan ya durƙusa ya sa yatsu ya zaro gwangwanin daga ƙasa.

Mutanen ƙasar sukan yi binne in sun ga alamar ruwa ya kusa, su zuba iri a busasshiyar ƙasa su bar shi ya jira. Hajiya Kulsumu ta leƙa ramin ta girgiza kai.

"Ya yi zurhi. Ko saran shuka ba ka iya ba."

"Wannan kam ban iya ba."

Ta dube shi da kyau, ta ga gaskiya ce. Ta tura yashi da gefen ƙafa har ramin ya kusa cika, ta ɗebi gero da yatsu uku ta saki a ciki, ta yi bismilla, ta rufe da diddige. Ta miƙa masa ƙwaryar irin. Ya saɓa jakar sanduna a kafaɗa ɗaya, ya rungumi ƙwaryar a ɗaya hannun, ya kare bakinta da hularsa don kada iska ta taɓa. Suka nufi ramin suri, ita a gaba, tana gaya masa yadda ake riƙe ƙwarya.